Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Ƙungiyoyi 20 Na Gasar Firimiya

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗaya ne daga cikin ɗimbin mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Ingila ba, amma sun san jadawalin wasanninku kamar yunwar cikinsu. Na haura shekara 20 ina bin gasar Firimiya. Na yi murna a cikinta, na kwana da baƙin ciki saboda ita, kuma ɗan abin da nake biya duk wata don in kalle ta yana cikin abin da ke taruwa ya zama biliyoyin da kuke rabawa. Da wannan haƙƙin nake rubuto muku. Ku nake nufi kai tsaye, domin gasar taku ce: ƙungiya 20, kowace da ƙuri'a ɗaya, kuma babu dokar da ke sauyawa sai 14 daga cikinku sun ɗaga hannu. Duk abin da zan yi kuka a kai a nan, ku kuka zauna kuka amince da shi, ku ne kuma za ku iya zama ku warware shi.

Ranar Litinin 1 ga Satumban 2025, ranar da aka rufe kasuwar musayar 'yan wasa, tun la'asar waya ba ta bar hannuna ba. Muna da zaure a WhatsApp, mu abokai da muka taso tare, kowa da ƙungiyarsa, kuma a ranar saƙonni sun yi ta zuba kamar ruwan sama. Da dare ya yi aka tabbatar Liverpool ta ɗauki Alexander Isak daga Newcastle kan fam miliyan 125, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan wasa ba a Birtaniya. Da ƙura ta lafa sai na koma can sama na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. "Mun ƙwace muku shi." "Nawa kuka kashe bana?" "Ku da ba ku da ko sisi, ku yi mana shiru." Ban ci karo da mutum ɗaya da ya tambayi inda za a tsayar da Isak a fili ba, ko wa zai koma benci dominsa, ko yadda zai yi wasa tare da Mohamed Salah. An riga an buga mako uku na gasar, amma babu wanda ya tuna da sakamakon. Teburin da muke gardama a kansa teburin kuɗi ne. Abin ya tsaya mini a rai, domin mako ɗaya kacal kafin nan ƙungiyoyin biyu sun kara a St James' Park, filin Newcastle, aka tashi 3-2, kuma wanda ya ci wa Liverpool ƙwallon nasarar a minti na 100 yaro ne ɗan shekara 16, Rio Ngumoha. Irin wannan daren ne ya sa muka kamu da son ƙwallo tun farko. Cikin kwana bakwai maganar farashi ta binne shi.

A wannan kasuwar kaɗai kun kashe sama da fam biliyan 3. A 2023 da kuka kashe biliyan 2.36 mun ɗauka an kai maƙura. Liverpool, wadda ke riƙe da kofin a lokacin, ta zuba fiye da miliyan 400 ita kaɗai, duk da dai ta sayar da nata da yawa.

Kada ku ɗauka ina ƙin ciniki ne. Gasar neman ɗan wasa tsakanin ƙungiyoyi tsohon abu ne, kuma tana da nata armashi. A 1996 Manchester United ta nemi Alan Shearer ruwa a jallo, ya ce garinsu zai koma, Newcastle ta biya Blackburn fam miliyan 15, mafi tsada a duniya a lokacin, kuma har yau mutanen garin na alfahari da wannan zaɓin. Iya saye ma fasaha ce. A Janairun 2018 Liverpool ta sayar wa Barcelona Philippe Coutinho kan kuɗin da zai iya kai wa fam miliyan 142. A watan ta kawo Virgil van Dijk kan miliyan 75, da bazara ta kawo Alisson ya tsaya a raga. Ta san inda rufinta ke yoyo, nan ta toshe. Ta ɗauki kofin Zakarun Turai a 2019, ta ɗauki Firimiya a 2020 bayan shekara 30 tana jira. Ita kuwa Barcelona, da PSG ta Faransa ta ajiye mata yuro miliyan 222 ta tafi da Neymar a 2017, sai ta shiga kasuwa da zafin rai don wanke fuska a gaban abokan hamayya. Ta kwaso Ousmane Dembélé da Coutinho, daga baya Antoine Griezmann, kowanne sama da yuro miliyan 100. A Agustan 2020 Bayern Munich ta zuba mata 8-2, biyu daga ciki Coutinho ne ya ci yana zaman aro. Shekara guda bayan haka ta kasa sabunta kwantiragin Lionel Messi, shugabanta Joan Laporta ya fito ya ce bashin da ke kansu ya kai yuro biliyan 1.35.

Irin sayayyar Barcelona ta wancan lokacin ce nake gani tana yaɗuwa a tsakaninku, wato a sayi ɗan wasa don kada maƙwabci ya same shi. A Janairun 2023 Arsenal ta yi makonni tana zawarcin Mykhailo Mudryk, Chelsea ta shiga tsakani ta ɗauke shi daga Shakhtar Donetsk kan fam miliyan 62 da zai iya kai wa 88.5, ta ba shi kwantiragin shekara takwas da rabi. A watan ta biya Benfica miliyan 106.8 kan Enzo Fernández. Ta kammala kakar tana ta 12 da maki 44. Arsenal da aka yi wa dariya ta juya ta ɗauki Leandro Trossard daga Brighton kan abin da bai kai rabin kuɗin Mudryk ba, kuma kowa ya ga wanda ya fi amfani da cinikinsa. A Agustan shekarar Liverpool ta daidaita da Brighton kan Moisés Caicedo a miliyan 111, Chelsea ta kai shi 115, alhali shekara biyu da rabi kafin nan Brighton ta ɗauko yaron daga Ekwado kan abin da bai kai miliyan 5 ba. Na san za a ce mini Chelsea ta ɗauki kofuna biyu a 2025 ta kuma koma gasar Zakarun Turai, kuma gaskiya ne. Sai dai an kashe sama da fam biliyan ɗaya kafin a kai nan, kuma farashin da ta ɗaga a hanya bai sauko wa kowa ba. Manchester United ma ta biya miliyan 89 kan Paul Pogba, ya tafi kyauta. Ta biya 73 kan Jadon Sancho, sama da 80 kan Antony. Rabonta da kofin Firimiya tun 2013, kuma kakar 2024/25 ta ƙare tana ta 15. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai.

Idan mai kuɗi ya ga dama ya ɓarnatar da nasa, da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wanda ake sayarwa don a cike gurbin ɓarnar.

Dokarku ta taƙaita asara, wadda ake kira PSR, ta ce kada ƙungiya ta yi asarar da ta haura fam miliyan 105 cikin shekara uku. Manufar mai kyau ce, ban musa ba. Matsalar tana wajen yadda ake rubuta saye da sayarwa a littafin lissafi. Idan aka sayi ɗan wasa, ba a rubuta kuɗinsa gaba ɗaya a shekarar. Ana raba shi ne a kan shekarun kwantiraginsa. Ɗan wasan miliyan 80 mai kwantiragin shekara takwas, miliyan 10 kawai yake ci a littafi duk shekara. Wannan ne sirrin dogayen kwantiragin da Chelsea ta riƙa bayarwa, har UEFA, hukumar ƙwallon Turai, ta ƙayyade rabon a shekara biyar a Yunin 2023, ku ma kuka bi sahu a Disamba. Idan kuwa aka sayar, ribar tana shiga littafi nan take, a dunƙule. Ɗan wasan da aka sayo, sai an cire ragowar kuɗin sayensa kafin a ga riba. Yaron da ya taso a makarantar ƙungiya kuwa ba a saye shi da ko kwabo ba, don haka duk abin da aka biya kansa riba ce zalla. A sayar da ɗan gida kan miliyan 30, an samu abin da zai rufe kason shekara guda na baƙin da aka sayo kan miliyan 150. Duk akawun da ya san aikinsa zai nuna wa mai ƙungiya ƙofar da ta fi sauƙi, kuma a bayan ƙofar nan yaron da ya shigo gidan tun bai iya ɗaure igiyar takalminsa ba ne yake tsaye.

Mun ga wannan ƙuru-ƙuru a makon ƙarshe na Yunin 2024, da ake gudun rufe littafin shekara ranar 30 ga wata. Aston Villa ta tura Tim Iroegbunam Everton, Everton ta tura mata Lewis Dobbin. Villa ta sayar wa Chelsea Omari Kellyman kan miliyan 19, yaron da bai buga wasannin a-zo-a-gani a babbar tawaga ba, Chelsea ta sayar mata Ian Maatsen kan 37.5. Newcastle ta rabu da Elliot Anderson, ɗan yankin da ya shiga makarantarta yana ɗan shekara takwas, ta ba Nottingham Forest shi kan miliyan 35, kuma kocin Newcastle Eddie Howe bai ɓoye cewa ba da son ransa aka yi ba. Yanzu ga Anderson a tawagar Ingila yana ɗan wasan wata ƙungiya daban. A Agustan shekarar Chelsea ta tura Conor Gallagher Atletico Madrid bayan ya shafe kusan kaka guda yana ɗaura mata ƙyallen kyaftin. Manchester United ta sayar wa Napoli Scott McTominay, wanda ke gidan tun yana ɗan shekara biyar, kan kusan miliyan 25. Erik ten Hag da ke horar da su a lokacin ya faɗa a bainar jama'a cewa ya so ya riƙe shi, doka ce ta sa 'yan gida suka fi riba a kasuwa. Wata tara bayan haka McTominay ya ɗaga kofin Italiya, aka zaɓe shi gwarzon gasar, ƙungiyar da ta rene shi kuma tana can ƙasan tebur.

Bari in faɗa muku yadda wannan lissafin yake isowa cikin gida. Ina da ɗa mai shekara 11. Ƙungiyarmu ɗaya da shi, kuma ba zan kama sunanta ba, tunda ba ita kaɗai ke yi ba. Rigar ƙwallo ta farko da ya zaɓa da kansa, sunan wani yaro ne a bayanta, wanda ya taso a makarantar ƙungiyar. Na tambaye shi me ya sa bai zaɓi ɗaya daga cikin manyan taurarin ba, ya ce ai shi wannan namu ne, ba zai tafi ko'ina ba. Ranar da aka sayar da yaron ya shigo ɗaki riƙe da wayata, ya miƙo mini ba tare da ya zauna ba. Ya ce, "Baba, me ya yi musu?" Na ce bai yi komai ba. Ya ce, "Bai iya ba ne?" Na ce ya iya. Ya ce, "To shi ya ce zai tafi?" Na ce a'a. Na ɗauko takarda na fara zana masa yadda ake raba kuɗin saye a kan shekaru da yadda riba ke shiga a dunƙule, yana kallon takardar yana kallona. Ya gane lissafin sarai, yaro ne mai kai. Ya tashi ya naɗe rigar ya sa a ƙasan akwatinsa. Da na zo saya masa wata, sai ya ce a bar bayanta haka nan, kada a rubuta sunan kowa. Ranku ya daɗe, irin waɗannan yaran ne kuke fatan su biya kuɗin kallo nan da shekara 20.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne dokar da ke tilasta sayar da yaro ita ce ta buɗe wata ƙofa ga masu manyan kadarori. Chelsea ta sayar da otal biyu da ke jikin filinta na Stamford Bridge ga wani kamfani na masu ita kan kusan fam miliyan 76, daga baya ta sayar wa uwar kamfaninta ƙungiyar matanta kan kusan miliyan 200. Kuɗi ya fita daga aljihun dama ya shiga na hagu, littafi ya nuna riba, kuma dokarku ta karɓa. UEFA ba ta lissafa irin wannan cinikin, ta kuma ci Chelsea tara a Yulin 2025. Ba na zargin Chelsea da karya doka, domin ba ta karya ba. Ku da kuka bar dokar a haka a lokacin nake tambaya.

Sai maganar hukunci. An gurfanar da Everton a Maris 2023, zuwa Nuwamba an zabtare mata maki 10 saboda ta haura iyaka da fam miliyan 19.5. Ta ɗaukaka ƙara aka mayar da shi 6, a Afrilun 2024 aka sake cire mata 2. An tuhumi Nottingham Forest a Janairun 2024, a Maris aka cire mata 4. Hujjar Forest ita ce ta ƙi sayar da Brennan Johnson, shi ma ɗan gida, a Yuni kan farashi mai rauni, ta jira har 1 ga Satumba Tottenham ta biya miliyan 47.5. Wato ta yi abin da kowane ɗan kasuwa mai hankali zai yi, sai aka hukunta ta don kuɗin ya makara da wata biyu. Ita kuwa Manchester City, tun Fabrairun 2023, kafin Everton, aka jero mata tuhuma 115 da suka shafi shekarun 2009 zuwa 2018. Sai Satumban 2024 aka fara sauraro, aka kammala a Disamba, kuma har nake wannan rubutu babu hukunci. City ta musanta duka tuhumar, tana kuma da cikakken haƙƙin a ɗauke ta marar laifi har sai an tabbatar da akasin haka. Na kuma yarda shari'arta ta fi ta Everton girma da sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Amma jinkirin nan ba ya yi wa kowa daɗi. Idan ba ta da laifi, an bar 'yan wasanta da magoya bayanta cikin zargi tsawon shekaru, ana yi musu gori kan kowane kofi. Idan tana da shi, an bar waɗanda ta tsere wa cikin ƙunci. Magoyin bayan Everton da ya ga an yanke wa ƙungiyarsa hukunci cikin wata takwas, da wane baki za ku ce masa ma'auni ɗaya ne?

Duk wannan yana komawa ne kan tambayar da kowane mai kallo ke yi wa kansa a watan Agusta: me za mu iya cim ma bana? Ga yawancin ƙungiyoyinku, amsar tana fitowa ne daga kasuwa tun ba a busa usur ba. Crystal Palace ta ɗauki kofin FA a Mayun 2025, babban kofi na farko a tarihinta, Eberechi Eze ne ya ci City ƙwallo ɗaya tilo a Wembley. Kafin Agusta ya ƙare Arsenal ta ɗauke shi, bayan ta shiga gaban Tottenham da ta kusa kammala cinikin, kuma washegari hirar duniya ita ce wa ya kunyata wa a arewacin Landan. Ba a cika tambayar halin da Palace ta shiga ba. Bournemouth ta yi kakar da ba ta taɓa yin irinta ba, sai ta wayi gari uku daga cikin masu tsaron bayanta huɗu sun tafi: Dean Huijsen zuwa Real Madrid, Milos Kerkez zuwa Liverpool, Illia Zabarnyi zuwa PSG. Brentford ta rasa Bryan Mbeumo da Yoane Wissa da kyaftin ɗinta Christian Nørgaard, har da kocinta Thomas Frank. Newcastle da ta doke Liverpool a wasan ƙarshe na kofin Lig a Maris, ta kawo ƙarshen shekara 70 babu kofin cikin gida, ita ce ta miƙa wa Liverpool ɗin wanda ya ci mata ƙwallo a ranar. Ladan ƙoƙari a gasarku ya zama a zo a kwashe maka mutane. A ƙasa kuwa, kaka biyu a jere duk ƙungiyoyi ukun da suka hauro su suka koma: Luton da Burnley da Sheffield United a 2024, Leicester da Ipswich da Southampton a 2025. A sama City ta ɗauki kofi shida cikin bakwai tsakanin 2018 da 2024.

Kuna yawan tallata gasar da labarin Leicester ta 2016, kuma ya cancanci a tallata. Jamie Vardy na fam miliyan ɗaya daga Fleetwood, N'Golo Kanté na miliyan 5.6 daga Caen, Riyad Mahrez da aka ɗauko daga Le Havre kan abin da bai kai rabin miliyan ba, suka haɗa maki 81. Wata biyu da ɗaga kofin Kanté ya koma Chelsea. Tun daga lokacin kuke cin moriyar labarin, dokokinku kuma suna ƙara toshe hanyar da wani zai maimaita shi.

Wanda kuma ya ce zai bi manya da gudu ta hanyar bashi, tarihin gasarku ya nuna inda ake ƙarewa. Leeds ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Zakarun Turai a 2001, ta ci bashin fam miliyan 60 a kan kuɗin tikitin da ba a riga an sayar ba. A 2004 ta faɗi daga Firimiya, a 2007 ta gangara rukuni na uku, sai 2020 ta dawo. Portsmouth ta ɗaga kofin FA a 2008, Nwankwo Kanu ne ya ci Cardiff ƙwallon, kuma da yawanmu mun yi tsalle a ranar. Ba a cika shekara biyu ba ta durƙushe da bashi, aka cire mata maki tara, zuwa 2013 tana rukuni na huɗu. Waɗanda suka ci bashin sun kama gabansu. Magoya baya ne suka haɗa kuɗi daga aljihunsu suka sayi ƙungiyar don kada ta mutu. Bury, mai kofin FA biyu, da aka kafa tun 1885, ba ta yi wannan sa'ar ba: an kore ta daga rukunin ƙwararru a Agustan 2019, a watan da aka biya fam miliyan 80 kan mai tsaron baya ɗaya 'yan mil kaɗan daga filinta.

A cikin shekara guda, daga Fabrairun 2023 zuwa Fabrairun 2024, dillalan 'yan wasa sun karɓi la'adar sama da fam miliyan 400 daga hannunku. A kusan lokacin ne wasu daga cikinku suka ƙara kuɗin tikiti, suka janye rangwamen yara da tsofaffi, suka sallami ɗaruruwan ƙananan ma'aikata da sunan tsuke bakin aljihu. Ga kuma kwangilar talabijin ta cikin gida ta fam biliyan 6.7 na shekara huɗu da ta fara aiki a 2025. Ba rashin kuɗi ke damun gasar nan ba.

Ga abin da nake roƙo. Na farko, kuma shi ne gaba da komai a wurina, ku cire ladan da doka ke bayarwa kan sayar da ɗan gida. Ko dai a raba ribar sayar da shi a kan shekaru kamar yadda ake raba kuɗin saye, ko a daina lissafa albashin yaron da ƙungiya ta rena da kanta cikin abin da doka ta ƙayyade, yadda riƙe shi zai fi sayar da shi sauƙi a littafi. Akawunanku sun fi ni sanin wacce ta fi dacewa. 

Shi kuwa tsarin da ke auna kashe kuɗi da kason abin da ƙungiya ke samu, irin kashi 70 cikin 100 na UEFA, ku dubi inda zai kai ku. Mai samun miliyan 700 zai kashe 490, mai samun 200 zai kashe 140, kuma haka za a zauna har abada, doka na gadin tazarar. Shawarar da aka kawo gabanku a 2024, ta ɗaure iyakar abin da kowa zai kashe da kuɗin talabijin da ƙungiyar ƙarshe ke samu, ita ce kaɗai na gani da ke sa babba ya damu da halin ƙarami. Ku sa wa'adi a kan shari'o'i, ɗaya ga kowa. Ku kuma sake duba ranar rufe kasuwa. A 2018 da 2019 kun rufe ta kafin a fara kaka, kuka janye a 2020 saboda sauran ƙasashen Turai ba su bi ku ba. Yanzu da ku ke da kuɗin da kowa ke jira, kuna da bakin da za ku ja su zuwa tebur. Bai dace Newcastle ta buga wasa uku babu ɗan wasan gabanta Isak yana gefe yana jiran ciniki ba, bai kuma dace Marc Guéhi ya je gwajin lafiya don komawa Liverpool a ranar ƙarshe sannan a ce masa ya koma Palace don ba a samu madadinsa ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A Afrilun 2021 shida daga cikinku suka sa hannu kan Super League, wata sabuwar gasa ta manyan ƙungiyoyin Turai zalla, magoya baya suka fito tituna, abin ya ruguje cikin kwana biyu. Daga wannan da abin da ya samu Bury ne aka taho har majalisar Birtaniya ta kafa dokar hukumar sa ido kan ƙwallo mai zaman kanta a Yulin 2025. Kun daɗe kuna cewa kun isa ku tsara gidanku da kanku, kuma ina so in yarda da ku. Ƙungiyoyi 14 ne ke wajen shidan da ake kira manya, adadin ƙuri'un da ake buƙata daidai, kuma su ne ake kwashe wa 'yan wasa duk bazara.

Kafin 30 ga Yuni mai zuwa, ranar da za a sake rufe littattafai, ina roƙon ku kawo maganar yaran gida gaban taronku ku kaɗa mata ƙuri'a. Ku kuma fitar da sunayen ƙungiyoyin da suka amince da na waɗanda suka ƙi, domin ina so in san inda tawa ta tsaya kafin in sake tambayar ɗana ko a rubuta suna a bayan rigarsa.

Na gode da sauraro. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani uba, magoyin bayan ɗaya daga cikin ƙungiyoyinku